Kwandon da Ke Kan Tebur

Ni ce na share labaran Baba. Gara in faɗa tun yanzu, don na gaji da masu cewa wai kwamfuta ce ta cinye musu aiki. Shekara tara ina gyara wa ma'aikatan wani kamfani kwamfutocinsu, a hawa na huɗu, kusa da injin kwafi mai tari, kuma ban taɓa ganin wadda ta ci abu da kanta ba. Kullum akwai yatsan wani a ciki, wannan karon kuwa nawa ne.

Baba direban jirgin ƙasa ne, shekara talatin da shida yana ja kafin ya yi ritaya. Bara waccan mantuwa ta fara kama shi. Da farko makulli ne da tabarau, muna ta yi masa dariya. Daga baya sunayen jikoki suka fara suɓuce masa, dariya ta ƙare. Likita ya ce abin gaba yake yi, ba ya komawa baya. Umma ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ita tsohuwar mai buga tafireta ce, har yau Akawu Baba yake kiranta, kuma abin da ta sani shi ta yi. Kowace rana in rana ta yi sanyi sai ta zaunar da shi a kujerar bakin taga, ta ce, "To Malam, ina jin ka." Yana faɗa tana bugawa, tashoshi da gadoji da mutanen da ya ɗauka. Abin da ya faɗa ranar Litinin, sau da yawa kafin Juma'a ya bar kansa, sai dai a same shi a wajen Umma.

Yayanmu ne ya sayo kwamfutar. Ya ajiye ta a kan teburin falo, ya ɗauki hoto da ita, ya koma inda ya fito, ya ce, "Ai ga Auta nan, ita ce ta kwamfuta." Ni kuwa tafiyar yini guda ce tsakanina da gida. Shi ya sa na saka musu irin manhajar da muke aiki da ita a ofis, wadda in aka karanto min lamba tara sai allon kwamfutar mutum ya bayyana a nawa, in riƙa juya ta daga inda nake zaune kamar tana gabana.

Duk Talata, in abokan aikina sun fita cin abincin rana, nakan kira Umma in sa abin sauraro a kunne. Takan karanto lambar ɗaya bayan ɗaya da muryar ofis, ta maimaita, sannan ta ce, "Shigo." Ba ta taɓa yarda in shiga ba tare da na yi sallama ba. Sai allona ya yi duhu na ɗan lokaci, ya washe, ga ni a gida. Hoton bangon kwamfutar wata tsohuwar tasha ce da Baba ya zaɓa, ga agogonta da ya tsaya a ƙarfe uku. Ta wayar ina jin fankar falo mai ƙara a kowane zagaye na uku, ina jin labule yana shafar bayan kujera, ina jin cokalin Baba a cikin kofi. Sau nawa ina mantawa da ofis gaba ɗaya, har sai injin kwafi ya yi tari na farka.

Baba na son kallon 'yar kibiyar nan ta kan allo tana yawo ita kaɗai.

"Akawu, ɓeranki ya tashi da kansa."

"Auta ce, Malam."

"Auta? A ciki? Ki ce mata ta fito ta sha iska."

Wani lokacin nakan yi masa zagaye da kibiyar, ko in bi layin dogon da ke cikin hoton a hankali, shi kuma ya yi min usur ɗin jirgi da baki. Mace mai shekara talatin da takwas, da katin aiki a wuya, tana wasan jirgi da mahaifinta a lokacin hutun rana. Ban taɓa jin kunyar wannan ba.

Labaran ne dai Umma ta hana ni gani. Ta ce a ofishinsu ba a nuna wa kowa takarda sai mai ita ya sa hannu, kuma Malam zai sa hannu ne in an gama duka. Na tambaye ta ko tana adanawa da kyau. Ta ce, "Ni za ki koya wa ajiyar takarda?" Na ƙyale ta da ajiyarta. Sau ɗaya tak ta manta da shafi a buɗe na shigo, idona ya kama 'yan layuka kafin ta rufe. Baba yana ba da labarin wata rana da malam-buɗe-littafi suka rufe layin dogo, farare, tafiyar wajen mil guda, har ƙafar jirgi ta riƙa santsi. Ya tsayar da jirgin a tsakiyar fili. Fasinjoji suka sauko suka tsaya cirko-cirko, ba mai magana, fararen fuka-fukai na sauka a kan hulunansu. Mako guda na yi ina ganin wannan filin duk lokacin da na lumshe ido a motar zuwa aiki.

Talatar da abin ya faru, Umma ta yi ƙorafi cewa kwamfutar ta yi nauyi, sai ta buga kalma ta tsaya tana jiran ta fito. Na duba, na ga Yaya ya cika ta da bidiyon 'ya'yansa, wajen ajiya ya kusa ƙarewa. To ni ina da yadda nake aiki. Abu biyar ne nake yi wa kwamfuta mai nauyi, a jere, ina yi wa kusan arba'in a mako, hannuna ya haddace har ba ya neman izinina. Na uku a cikinsu shi ne zubar da kwandon shara. Ina cikin gaya wa Umma ta rage gishiri a abincin Baba na danna kan kwandon, wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko na tabbata ina son share abubuwa ɗari da goma sha biyu har abada. A bayansa jerin sunaye ya ɗan leƙo. Na ga na ƙarshe, an rubuta Ranar Auta. Kafin abin da idona ya gani ya isa kaina, yatsana ya riga ya ce e.

Ban ma tsaya ba, abin da ya fi ci min rai ke nan. Na wuce na huɗu da na biyar, na saukar mata da sababbin gyare-gyaren manhaja, na kashe na kunna, na ce, "Gwada yanzu, Umma." Ta gwada, ta ce madalla. Sai na ga kibiyar ta tafi da kanta, a hannun Umma yanzu, ta je kan kwandon ta buɗe shi. Allon ya yi fari fat.

"Auta, ina takarduna?"

"Waɗanne?"

"Na Malam. Suna cikin kwando."

"Umma, wannan ai kwandon shara ne."

Ba faɗa ta yi ba, bayani ta yi min a hankali, irin wanda ake yi wa sabon ma'aikaci. Ta ce shekara talatin da ɗaya akwai kwandon waya a kan teburinta, ta hannun dama. Duk takardar da ta gama bugawa nan take sakawa har masinja ya zo ya kai a sa hannu. Shara kuwa kwali ne a ƙarƙashin tebur, wajen ƙafa.

"Ke da bakinki kika ce min wannan allon shi ne teburina. Wane mahaukaci ne ke ɗora kwandon shara a kan tebur?"

Na matso da fuskata kusa da allon. A ƙarƙashin hoton kwandon, inda sunansa na asali yake a da, an rubuta An Gama. Ni na koya mata sauya wa abu suna, har na yaba mata ranar. Wata nawa rubutun yana nan ina wucewa ta kansa, don ni ba na karanta sunan kwando, da hotonsa na san shi.

Na ce kada ta taɓa komai, kada ta kashe, kada ta buga ko harafi ɗaya. Na cire abin sauraron na tafi banɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar da likita ya yi magana. Da na dawo na samu Dogo, abokin aikina da ya fi ni sanin tono abin da aka share, yana cin gyaɗa a teburinsa. Na gaya masa. Tambaya ɗaya ya yi.

"Kin saukar da wani abu bayan nan?"

Na gyaɗa kai. Ya ajiye gyaɗar. Ya yi min bayanin da na sani sarai, cewa abin da aka share yana nan kwance har sai an rubuta sabo a kansa, ni kuma na zo na rubuta sabo a kansa da hannuna. Bai ce min komai a kan sakaci ba, Allah ya saka masa. Ya jawo kujera, Umma ta sake karanto lambar, muka shiga mu biyu muka saka manhajar tono.

Yini biyu tana aiki. Wani koren layi ne ke tafiya a hankali daga hagu zuwa dama, ni kuma ina amsa wayoyin mutanen da suka manta lambar sirrinsu, ido ɗaya a kansa. Umma ta bar wayar a kunne a kan tebur. Ina jin ta tana karanta wa Baba jarida, ina jin sa yana tambaya yaushe za su yi aikinsu na yamma, tana cewa inji na hutawa. Can cikin gyangyaɗin rana na biyu sai na ga koren layin ya zama jirgi, yana ratsa wani fili, yana tsayawa a tashoshin da ba kowa, yana ɗaukar takarda ɗaya ɗaya daga kan benci. Dogo ne ya taɓa kafaɗata ya ce an gama.

Arba'in da uku ne suka dawo lafiya. Wasu goma sha sun dawo rabi da rabi, magana na tafiya daidai sai ta faɗa cikin tarkacen alamomi, ta sake ɓullowa a wata tashar daban. Sauran sun tafi. Ranar Auta ya dawo da sunansa, da kwanan watan da aka buga shi, wata bakwai da suka wuce. Na buɗe. Shafi uku ne na ƙananan akwatuna marasa komai, a jere, layi bayan layi.

Na kira Umma na gaya mata gaskiya duka. Na ce ta yafe min. Ta ce, "Aikin gama ya gama. Ni ma da na nuna miki tun farko." Sai na roƙe ta abin da na ɗauka mai sauƙi ne, na ce tunda ita ta buga, ta faɗa min abin da ke ciki, ko a taƙaice.

"Ban sani ba."

"Haba Umma, ke fa kika buga."

"Daga kunne zuwa yatsa yake wucewa, 'yar nan, ba ya bi ta kai. Haka aka koya mana. Na buga takardar korar mutane, na buga sirrin manya, in na tashi daga kujera ban san ko ɗaya ba. Shi ya sa ba a taɓa canza min ofis ba."

Ni ce mutum ta ƙarshe a duniya da za ta yi wa wani gorin hannu mai aiki ba da kai ba. Umma ta ce nata ɓangaren ta sani, ita ta haife ni ai. Tana asibiti, Baba yana kan hanya, bai iso ba sai bayan kwana uku, da rigar aiki mai warin mai. Abin da ya yi a kwana ukun nan, yadda labari ya same shi, a wace tasha, shi kaɗai ya sani, bai kuma taɓa faɗa ba sai ranar nan a bakin taga. Ta tuna ya yi dariya a tsakiya har ya ƙware ta kawo masa ruwa. Ta tuna daga ƙarshe ya yi shiru mai tsawo. Ta ɗan yi tunani ta ƙara da cewa kamar akwai laima a ciki, don yatsunta sun buga kalmar fiye da sau ɗaya.

Laima. Da ita na yi ta yawo kwana da kwanaki. A motar aiki sai in ga wani saurayi da hular direba yana gudu a kan dandamalin tasha, da buɗaɗɗiyar laima ba ruwa ba komai. Wani lokacin shugaban tasha ne ke ɗaga masa ita daga nesa, alamar an sauka lafiya. Wani lokacin sayo ta ya yi don jaririya, ya manta ta a wani taragu, har yau tana can tana zagaya ƙasa. Kowanne na ƙirƙira sai ya yi min daɗi na minti biyar, sannan in tuna ba nasa ba ne.

Na ce zan nemi hutu in zo ƙarshen wata mu tambaye shi tare. Umma ta ce ranakun Malam masu kyau ba sa jiran ƙarshen wata, in ta ga ya tashi garau za ta kira ni. Ranar Alhamis ta sama, wajen ƙarfe huɗu, waya ta yi ƙara.

"Yau ya gane mai kawo madara, har ya tambaye shi ƙafarsa. Ga lambar."

Na yi sallama na shiga. Ta buɗe sabon shafi. Na ji an ja kujerar bakin taga, na ji Baba ya zauna da nishin da yake yi, na ji ya gyara murya irin ta mai shirin magana a taro. A ofis ana ta kai da komo a bayana, ni kuwa na tattara hankalina a kan ɗan layin nan mai ƙyaftawa a saman farin shafi.

"To Malam, ina jin ka. Ranar da aka haifi Auta."

"Rubuta," in ji Baba. "Muna tasha."

Haruffan suka fito a allona ɗaya bayan ɗaya, da saurin Umma, ba kuskure. Muna tasha.

"An cika tanki. Mai tuta ya zo."

An cika tanki. Mai tuta ya zo.

Fanka ta zagaya. Wata mota ta wuce a titin gidanmu, labule ya motsa, Baba ya yi wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa kamar ya hango abu daga nesa. Na jira. Umma ma ta jira, ba ta taɓa katse mai faɗa ba a rayuwarta. Dariyar ta lafa. Shirun ya yi tsawo har allon ya fara dusashewa, na ɗan motsa kibiyar ya dawo.

"Akawu," in ji shi a hankali, "wa aka haifa?"

Yatsun Umma ne suka yi abin da suka saba, tambayar ta fito a gabana, baƙi a kan fari, har da alamar tambaya. Na ji ta janye hannunta daga madannan kwamfutar, na ji ta ja hanci sau ɗaya.

Wayar na kunnena, da na so da na yi magana. Sai na sa hannu a kan nawa madannan, a hawa na huɗu, tafiyar yini guda daga gida, na sauka layi na gaba na buga: Ni ce, Baba.

"Ikon Allah," in ji Baba. "Akawu, inji na rubutu da kansa. Me ya ce?"

Umma ta karanta masa da muryar ofis. Sannan ta ƙara da cewa yarinya ce, mace, tana nan lafiya, ita ce ma ta rubuto.

Kujerar ta yi ƙara, ya matso kusa da allon, har ina jin numfashinsa a wayar. Ya daɗe yana kallo. Da ya yi magana, muryarsa cike take da murna, irin murnar mutumin da albishir ya same shi yanzu-yanzu a kan hanya.

"Masha Allah. Rubuta mata, Akawu. Ki ce ina nan tafe. Ki ce Allah ya raya."